Faifan da Allura Ta Cinye

Na yi shekaru ina sayar da rediyo da rekoda da kaset a Jidda. Daga tebur a bakin titi na fara, har Allah ya ba ni sito a unguwar Khumra. Da na ɗaga na'ura a hannu na san wadda za ta yi ƙarko da wadda za ta mutu kafin mai saye ya isa gida. Amma na'urar farko da na taɓa sarrafawa ba ta da batir, ba ta da waya. Kwali ce da allura, kuma a ɗakin kakata na same ta.

Gidanmu na lokacin na katako ne da gwangwanin da aka buɗe aka daddale, a kudancin gari, can wajen da gine-gine suka cinye daga baya ake kira Madain Fahd. Mahaifina dako yake yi a mina, inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, gyaɗa take soyawa ta sayar a ƙofar makaranta. Da an idar da magariba sai ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko da rairayi a ciki, mu jikokinta mu kewaye ta muna naɗa 'yan takardun da za a zuba gyaɗar. Ba sanyi ke kawo mu bakin wuta ba. Gumi muke yi sharkaf. Labari ke riƙe mu, da kuma gyaɗar da ta ƙone, don ita ce ladanmu. Idan ta ƙwanƙwasa bakin kasko sau uku da cokali, to kowa ya yi shiru, labari ya zo. Kiran lisha ne ke tashinmu.

Inna ba Bahaushiya ba ce ta haihuwa. A kan wani dutse aka haife ta, a ƙasar Bauchi, cikin mutanen da yarensu bai wuce ƙauyuka uku ba. Kakana ya je fatauci gindin dutsen, ya aure ta, ta musulunta, suka kamo hanyar Makka a ƙasa. Shekara bakwai suka yi a hanya, suna noman auduga a Sudan suna ƙara gaba, kuma a can aka haifi mahaifina. Shi bai iya ko gaisuwa da yarenta ba. Mu kuwa Larabci ya fi zama a bakinmu fiye da Hausar ma.

Ina da shekara goma sha ɗaya, bayan wani aikin hajji, ta zo mana da sabon labari. Babu Gizo a ciki, babu Ƙoƙi. Wani makiyayi ne a kan dutse, wanda kullum da yamma yake ƙirga awakinsa da tsakuwa, akuya ta shiga garke ya jefa tsakuwa a ƙwarya. Ran nan tsakuwa ɗaya ta rage a hannunsa. Ga hadari ya haɗu, ga kura tana kuka a kwari. Sai ya tura sauran cikin kogo, ya toshe baki da ƙaya, ya gangara yana kira. A nan Inna takan ajiye cokali ta yi kiran da kanta, wani dogon kira mai hawa da sauka da ba Hausa ba. Ya yi ta kira har ƙafarsa ta fashe, sannan ya ji amsa daga cikin wani tsagin dutse. Ya ciro akuyar, bai doke ta ba, ya saɓa ta a wuya ya kawo gida, ya tashi maƙwabta su taya shi murna.

Ni ban gamsu ba. Na ce, "Inna, ai wannan wauta ce. Ya bar garke guda saboda akuya ɗaya? In kura ta biyo baya fa?"

Ta kalle ni ta gefen ido. "Ka ji mijin nawa. Kai dai ɗan kasuwa za ka zama, ko uwarka ce ta ɓata sai ka tsaya ka auna."

Duk aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Bayan 'yan kwanaki na gane inda labarin ya fito. Da rana, mahaifina yana mina, ta kira ni ɗakinta ta tura ƙyaure. Daga ƙasan adakarta ta ciro wani kwali mai ninki uku da allura a gefensa, da ɗan baƙin faifai irin na garmaho. Wani mahajjaci, mai sayar da gishiri a kasuwar gindin dutsensu, shi ya kawo mata cikin ƙunshin daddawa da kuka, saƙo daga ƙaninta Auta, wanda ta baro yana ɗan yaro. Ana ɗora faifan, a sauke allurar a kai, a sa tsinke a wani ɗan rami a yi ta juyawa da hannu. Hannunta rawa yake yi, muryar sai ta yi ta gudu tana tsayawa.

"Hannunka bai san tsufa ba," in ji ta. "Yalla, juya. Kada ka yi sauri, kada ka yi nawa."

Na juya. Sai ga muryar wani dattijo ta fito daga kwali, siririya kamar daga cikin rijiya. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai da ya zo kan kiran nan, kiran makiyayi, daidai yadda take yi mana. Na ɗaga kai. Inna ta rufe ido, leɓɓanta suna bin maganar.

Daga baya ta gaya mini abin da mahajjacin ya gaya mata. 'Yan mishan ne suka hau dutsen da na'urar ɗaukar magana. Sun ga mutanen ba su da rubutu, ba mai karanta musu littafi, sai suka nemi wanda zai faɗi labaran Linjila da yaren garin, su ɗauka su mayar faifai, su raba gida gida da irin wannan kwali. Auta ya riga ya bi addininsu, kuma shi ya fi kowa iya zance, sai suka zaɓe shi. Shi bai iya rubutu ba, ita ba ta iya karatu ba. Da ya ji wani zai zo Makka, sai ya aiko mata da abin da yake da shi.

Wata biyu muna haka, ni da ita. Ran nan jirgi bai iso mina ba, aka sallami 'yan dako da wuri. Mahaifina ya shigo tsakar gida, ya tsaya a bakin ƙyauren ɗakinta. Yaren bai ji ba, amma akwai suna ɗaya da ke ta maimaituwa a faifan, kuma wanda ya tashi a Sudan ya san yadda Nasara ke kiran Annabi Isa.  Ya bari sai da aka yi magariba, aka hura gawayi, sannan ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Inna, kin san abin da ke cikin faifan nan?"

"Na fi ka sani, Baban Sale. Da yarena ake yi." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, da sunana take kiransa.

"Wa'azin Nasara ne. A nan, a ƙofar Makka. Bangon nan gwangwani ne, Inna, ko tari kika yi maƙwabta sun ji. Mutum ɗaya ya kai magana, shi ke nan. Kafilin da ya tsaya mana ya janye hannunsa, iƙamar zama a ƙasa ta tafi, a loda mu a jirgi a kai mu ƙasar da yaran nan ba su taɓa gani ba. Ki yi haƙuri, ki ba ni in sa a wuta."

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma ta san haka. Ta ci gaba da juya gyaɗa na ɗan lokaci.

"Shekara bakwai na yi ina takawa zuwa ɗakin Allah," ta ce. "Na binne ƙannenka biyu a hanya. Kana ganin kwali ne zai mayar da ni baya? Ba abin da ake faɗa nake saurare ba. Mai faɗar nake saurare. Rabon da wani ya yi mini magana da harshen uwata, tun ba a haife ka ba."

"Na sani, Inna."

"Ba ka sani ba. Kai ka taɓa tambayata yadda ake cewa ruwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta aike ni na ɗauko kwalin da faifan, ta ɗora su a tafin hannunsa.

"Ga shi, ga wuta. Gidanka ne, 'ya'yanka ne, ba zan jawo maka kora ba. Amma kawunka ne a ciki. Ka ji muryarsa sau ɗaya, kada ka ƙona mutumin da ba ka gaisa da shi ba."

Muka shiga ɗakinta gaba ɗaya, aka rufe, na juya tsinke. Kafin dattijon ya fara labari sai ya yi gyaran murya sau biyu, gajere da dogo. Ni na ji wannan sau da yawa ban kula ba. Ƙanwata ce ta fashe da dariya ta nuna mahaifinmu da yatsa, don daidai haka yake yi duk lokacin da zai yi magana mai nauyi. Inna ta ce, "Babanmu ma haka yake yi." Mahaifina ya saurara har ƙarshe, hannunsa a kan baki. Da aka gama ya miƙe, ya ɗauki faifan duk da haka, ya nufi ƙofa.

A nan na sa baki. Na daɗe da lura cewa duk juyin da na yi sai wani baƙin gari ya taru a kan allurar, kuma muryar tana ƙara dusashewa. Na ce, "Baba, ba sai an ƙona ba. Allura tana cinye shi. Dubi." Na shafa allurar na nuna masa yatsana. "In an ci gaba da juyawa, da kansa zai mutu."

Ina jin kaina gwani, na samo mafita. Sai da na dubi Inna na ga abin da na yi. Idonta ba ya ganin baƙin garin nan na kan allura. Ba ta san cewa duk saurare ɗaya tana rage ƙaninta ba ne.

Mahaifina ya juyo daga bakin ƙofa. Daga nan ya ɓare takardar da ke manne a jikin kwalin, mai rubutun boko da ɗan gicciye, ya kai ta wuta. Faifan kuwa ya mayar mata. Ya ce a riƙa juyawa a cikin adaka, murfi a rufe rabi, kuma kada maganar ta fita ƙofar gida. Ba ta fita ba sai yau.

Daga ranar ta koma saurare ranar Juma'a kawai, bayan ta idar da salla. Da mai gishirin ya sake zuwa hajji, ta ba shi gorar zamzam ya kai wa Auta. Na tambaye ta ko ba ta jin haushin abin da ya aiko mata. Ta ce, "Shi yana ganin ni ce akuyar da ta ɓata, ya fito nema. Ni kuma ina ganin shi ne. Kowa yana kiran ɗan'uwansa daga nasa dutsen. Allah ne mai garke, shi ya san ƙirgarsa." Amsa ba ta dawo ba. Bayan shekara biyu wani ya kawo labarin rasuwarsa. A lokacin faifan ya riga ya zama shuuu kawai, kamar ruwan sama a kan kwano, amma duk Juma'a sai ta kira ni in juya, ita kuma ta cike maganar da bakinta.

Ta rayu har na kafa teburina, har na fara sayar da rekoda. A ciwonta na ƙarshe Hausa ta gudu daga bakinta, Larabci ma haka, sai kalmar shahada da yaren dutse. Kwana uku tana magana, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ba mai amsa mata. Wataƙila ruwa take nema, wataƙila wasiyya take yi. A rana ta ukun na ji abu ɗaya da na sani: ta yi kiran makiyayi, a hankali. Na durƙusa kusa da kunnenta na mayar mata da shi yadda na ji a faifai. Ta juyo, ta kama hannuna na dama, wanda nake juya tsinke da shi, ba ta sake ba har ta yi barci.

Ni Musulmi ne, a kan haka nake fatan cikawa, kuma abin da mutanen nan suka hau dutse su sayar ba hajata ba ce. Amma ɗan kasuwa ba ya ƙin faɗin gaskiya a kan abokin hamayya. Sun taso daga wata duniya, sun hau dutsen da ba hanyar mota, saboda yaren ƙauyuka uku. Mu kuwa yaren nan yana tsakar gidanmu yana soya mana gyaɗa, ba mu taɓa cewa ya koya mana kalma goma ba. Rekoda tana kan teburina shekara uku kafin ta rasu. Kullum ina cewa gobe zan kai gida in ɗauki muryarta, kullum sai mai saye ya zo.

Faifan yana nan a aljihun teburina a Khumra, ya yi sumul kamar gindin kasko. Jikokina a unguwar Safa ba sa jin Hausa sosai, amma na ba su labarin makiyayin da Larabci, kuma da na zo wurin kiran na yi shi yadda yake. Ƙaramin cikinsu ya ce ai wauta ce a bar garke saboda akuya ɗaya. Na ce masa ni ma na taɓa auna ta haka, na tsaya tare da garken. Tsakuwar kuwa har yanzu tana hannuna.