Kan Sarkin da Baffa Ya Ce Ya Ƙone

Warin jiƙaƙƙiyar takarda har yau zauren kakana na Kano yake mayar da ni. A nan Guangzhou kuwa, in damina ta kankama, kowane kwali a shagona haka yake wari, don haka tsohon ba ya barina in huta.

Kaka masinja ne a wata masaƙa da injiniyoyin Japan suke aiki. Ambulan ɗin wasiƙun da suka yar, shi yake tsincewa. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya sa in kawo ruwan ɗumi a kwanon sha, ya jiƙa su har kan sarkin ya saki da kansa, mu shanya a faifai. In na sa farce, ya buge min hannu. "Ba a ɓamɓara, jira ake yi."

Akwai mai mace da laima a kan gada ruwa yana zuba, akwai masunta cikin kwalekwale, akwai wani dutse mai farar hula. Wani injiniya ya gaya masa a jikin katako ake sassaƙa zanen, a shafa launi, a danna takarda, kowane launi da katakonsa. Kaka yakan ce mai irin wannan haƙurin ba zai rasa tsoron Allah ba. A gwangwanin alewa yake tara su, ya kuma faɗa gaban kowa cewa nawa ne.

Ina firamare ya rasu. Bayan sadakar bakwai na tambayi baffa, ƙanen mahaifina, gwangwanin. Ya ce ya ƙone su, hoton mai rai ne, kuma ana azabtar da mai tara shi a kabari. Ka san yaro. Ƙosan da ake ba ni na makaranta na koma bayarwa sadaka, ko Kaka ya samu sauƙi. Na girma, na yi aure, duk Juma'a ina nema masa gafarar matar nan mai laima. 'Yata ta taɓa zana mutum a takarda, na ƙwace na yaga a gabanta.

Bara baffa ya zo sarin kaya, ya sauka a wurina. Ya tsufa, ni nake riƙe masa jaka. Muna ratsa wani layin masu tsofaffin kaya a unguwar Liwan sai ya ja ya tsaya gaban wani tebur. Ga kan sarkin matar nan cikin leda, da laimarta. Mai teburin yana ta "Laoban, laoban," wato maigida.

Baffa ya yi dariya har da tafa hannu. "Kai, irin na Tsoho! Su na ba wani Bature ya ba ni rediyon nan nawa mai jakar fata. Ka tuna shi?"

Na tuna shi. Ni nake goge shi da safe, ni nake shanya masa batur a rana.

Ashe ya manta abin da ya gaya min. Wannan ya fi komai ƙona min rai: ƙaryar da na ɗauka a ka tun ina yaro, shi ko tunawa da ita ba ya yi. Na kai shi gida, na zuba masa shayi.

Yanzu ba mai aiko wasiƙa, balle a jiƙa ambulan. Na koma na sayo matar, na tura wa 'yata hotonta ta waya, na ce ta zana min ita babba.

Ta amsa, "Baba, ai kai ka ce haramun ne. Na daina tun tuni."