Igiyar Kubura

Namadi mai fito ne a bakin Kwara, kusa da Lolo. Mashigar da yake fito a wurin ubansa ya gaje ta, kuma aikin nan na kunne ne. Akwai tsibiri mai doguwar ciyawar burgu a tsakiyar ruwa da ke tare ido, sai wanda ke wancan ƙetaren ya ƙwala kira, mai jirgi ya ji ya tafi ya ɗauko shi.

Aka kwashe shi soja zuwa yaƙin Bama, aka ɗora shi kan igwa. Ya dawo da lambobi biyu a ƙirji, kunnuwa kuwa sun mutu murus. Turawa suka duba hannu da ƙafa, suka ce lafiyarsa lau, ya koma sana'arsa. Ni har gobe abin yana ƙona mini rai.

Matarsa Kubura ce ta rufa masa asiri. Ta ɗaura igiyar rama a hannunsa, ta riƙe ɗaya bakin, ta zauna gindin ɗorawa tana sayar da fura. In an yi kira sai ta fizga, ya zabura ya kama gorar tuƙi. 'Yan kasuwa suka riƙa tsokanarsa, wai ga akuyar Kubura. Shekara goma sha huɗu suna haka, ba a taɓa barin kowa a ƙetare ba.

Da daminar 1960 zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku.

Sau biyu fatake daga Dahomi suka yini suna kira. Sarkin ruwa ya zo ya yi masa bayani da hannu, yana faɗi don jama'a su shaida:

"In ka sake barin mutane, Bunyaminu mai jirgi za ni ba mashigar ga. Ba ni da yadda za ni yi."

Ranar bikin 'yancin kai mutane suka yi sammako za su Bagudo kallo. Namadi ya zauna cikin jirgi ya ƙura wa burgu ido, har hawaye na zubo masa. Can bayan tsibiri ana ta kira, makogwaro ya bushe. Muna jin su daga tudu, kafin waninmu ya gangaro Bunyaminu ya riga ya tura nasa jirgin.

Namadi ya ga jirgin ya wuce ta gabansa cike da mutane. Ya sunkuya ya dubi hannunsa. Ashe ya ɗaura igiyar tun da safe, ɗaya bakin yana yashe a kan yashi.