Tsirkiyar da Baba Saiti Yake Sassautawa

"Ni ce na ɓatar da makullin, ko? Kamar yadda na ɓatar da almakashin da aka tsinta a aljihunka?"

"Rage murya, Baba yana ji."

"Ya ji mana!"

Baba Saiti kuwa yana ji. Bangon da ya raba ɗakinsa da na tela da matarsa nas bai fi tafin hannu kauri ba. Gyaran jita ne sana'arsa, tun yana saurayi. Makaɗa kan kawo masa jitar da sautinta ya watse, ya ɗora ta a cinya, ya ƙara ɗaure wannan tsirkiya, ya sassauta waccan, har amonsu ya jitu. Tsirkiyoyin ba muryarsu ɗaya ba, yakan ce, kuma ba a so su zama ɗaya. Abin nema shi ne kowace ta bar wa 'yar'uwarta wuri.

Da kunnen nan yake sauraron maƙwabtansa. Muryar tela ƙasa-ƙasa take, ta nas siririya mai kaifi. In suna hira da safe, shi kan ajiye aiki ya sha shayinsa a kan sautin. Tun rasuwar matarsa, wannan ne kiɗan da ya fi so, ko da yake da za a tambaye shi cewa zai yi surutunsu ya dame shi.

Yau faɗan ya canza amo. Nas ta yi shiru, sai ƙarar akwati da ake jawowa daga ƙarƙashin gado. Baba ya san wannan ƙarar. Ma'auratan da suka zauna a ɗakin kafin su da ita suka fara, har suka rabu, ɗakin ya daɗe a kulle, shi kuma ya yi ta cin abinci da ƙarar fanka.

Ya ɗauko jitarsa, wadda ya gama saitawa tsaf, ya murɗa tsirkiya ɗaya ta saki. Ya matsa jikin bango ya shiga kaɗawa, yana rera waƙa da muryar da ta saɓa wa kiɗan. Shi kansa sai da haƙoransa suka yi tsami.

Akwatin ya tsaya.

"Me ya samu tsohon nan kuma?" in ji tela.

"Kamar ana yanka kyanwa," in ji nas. Dariya ta kufce mata, tela ya taya ta, tasa a ƙasa, tata a sama. Baba ya lumshe ido, hannunsa bai daina ɓarnar ba.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Su biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, makullin yana lilo a wuyan tela tare da tef ɗin awo.

"Baba, don Allah ka tausaya mana," in ji tela.

Nas ta ƙura masa ido. "Kai da kake gyara wa gari kaya, naka ne ya gagare ka? Kuma kullum sai muna faɗa jitar take lalacewa?"

Baba ya gyara tabarau, fuskarsa ba alamar komai.

"Kunne ne ya tsufa, 'yata. In kun sake ji ta kauce, ku zo ku gaya mini. Amma ku zo tare, ni ba na yarda da kunnen mutum ɗaya."