Kek Ɗin Malama Auta

A unguwar duk Mai Kek ake ce mata, har mijinta idan yana son tsokana. Da tukunya da rairayi ta fara gashi tun tana goyon fari, yau ga ta da murhun lantarki da firij biyu sun cinye rabin kicin. Makaranta kuwa a aji biyu na sakandare ta tsaya. Tana jin Turanci, tana ma yin faɗa da shi. Rubuta shi a kan kek ne ke tayar mata da hawan jini, don akwai kalmomin da baki ke faɗa iri ɗaya amma hannu ke rubutawa daban, kuma kirim ba alli ba ne da za a goge.

Sai ta samo dabara. Duk inda ta yi shakka, sai ta matsa fure ya rufe ƙarshen kalmar. Masu saye suna ta yabon adonta. 'Ya'yanta kaɗai suka san kek mai yawan furanni, uwarsu ba ta yarda da kanta ba ranar.

Ran nan 'yarta Auta ta samu aikin koyar da Turanci a sakandare, ta ce da yamma za ta zo gida da sababbin abokan aikinta. Mai Kek ta gasa mata kek a ɓoye. So take ta rubuta "ke ce abin alfaharinmu" da Turanci, tas, ba fure ko ɗaya, don kada malaman Turanci su haɗa ido a falonta, Auta ta sunkuyar da kai. To amma your ne ko you're? Ɗaya na da ɗan wakafi rataye a sama, ɗaya babu.

Tun hantsi ta kasa zama. Ta cika ledar matsa kirim, ta ajiye. Ta rubuta duka biyun a waya, wayar ta amince da kowanne.

"Munafuka," ta ce, ta kife ta a kan firij.

Ta leƙa falo. Maigidan, tsohon direba, yana gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.

"Baban Auta, mai wakafin ne ko marar wakafin?"

"Sa duka biyun mana. Kek ɗin ai da faɗi."

"Allah ya shirye ka."

Ta zari mayafi ta nufi wurin mai kemis na bakin layi. Ya cire tabarau, ya ce mai wakafin ne. Ta juya ke nan ya kira ta, ya ce a'a, ta dakata, da ya sake tunani kamar ɗayan ne. Ta dawo gida da kokwanto ninki biyu da maganin ciwon kai. Kafin nan kirim ya saki, ta mayar da shi firij, ta fito da shi, ta share kicin ɗin da ta riga ta share. La'asar ta kawo kai.

Ƙarshe dai ta kira Auta, ta gyara murya irin ta kasuwanci.

"Auta, wata kwastoma ce ta dame ni. Wai 'yarta ce ta samu aiki."

"Ikon Allah. Wane irin aiki, Umma?"

"Ina ruwanki? Banki ne ko asibiti, oho. Ke dai faɗa mini yadda ake rubuta wannan."

Ta karanta mata jimlar. Can ɓangaren sai aka ji wani ɗan tari mai kama da dariyar da aka danne.

"Mai wakafin ne. Ɗauko ledar, in riƙa faɗa miki ɗaya bayan ɗaya."

Mai Kek ta maƙale wayar a kafaɗa, ta sunkuya. Auta na faɗa a hankali, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya, ita kuma tana matsawa, numfashinta a riƙe. Wakafin ya ɗan yi ƙiba, amma ya zauna inda ya kamata. Ta miƙe ta karanta daga farko har ƙarshe, ba abin rufewa.

"Umma?"

"Na'am."

"Ki ce wa kwastomar ta samu wuri ta zauna ta ci abinci. Baba ya ce tun safe take sintiri."

Mai Kek ta juya a hankali ta dubi ƙofar falo. Nan take aka ƙure ƙarar rediyo.