Maganin Masu Dubiya

Kakata Inna Tumba ba ta fara tatsuniya sai an ci tuwo an hura wutar kara a tsakar gidanmu na Sanyinna. Sauran jikoki su yi ta ture-ture wajen neman wurin zama, ni kuwa ina gefe ina gadin tartsatsi kada ya faɗa kan zanenta. Tun ina yaro haka Allah ya yi ni. In na yi tari sau ɗaya sai na tambaya ko mutuwa zan yi.

Wata rana ta dube ni ta ce, "Matso, mijina matsoraci. Wagga taka ta."

Wai wani mutum ne, Bawa, mura ta kama shi. Ya taɓa jin malam ya ce babu cutar da Allah ya saukar ba tare da maganinta ba. Sai ya yi tunani, to lalle nasa yana bakin ɗaya daga cikin masu zuwa dubiya, amma wane ne? Na farko ya ce sabara, ya sha. Na biyu ya ce darbejiya, ya sha. Surukarsa ta kawo tsamiya da kanwa da barkono, ya rufe ido ya shanye, don kada ya ƙi wanda Allah ya aiko.

Muka ce, "Inna, murar ta tafi?"

"Tat tahi mana! Wa ka zama cikin wanga ciki? Amma buta ba ta sake hutawa ba."

Sai da wata tsohuwa ta zo. Ba ta ambaci ko ganye ɗaya ba. Ta ce Allah shi sawwaƙe, ta dama masa kunu, ta zauna bakin ƙofa tana mayar da masu magani. A haka Bawa ya tashi.

Mun yi dariya har da hawaye, na kuma ɗauka na gane.

Shekarar korona matata Hadiza tana da ciki, zazzaɓi ya kayar da ita. A asibitin Tambuwal suka ce na sauro ne, suka ba da ƙwayoyi, suka ce kada a haɗa da komai. Rediyo yana ta cewa a rage taro, amma wa zai tare gwaggonsa a zaure? Kafin la'asar kwanonin jiƙon masu dubiya sun jeru. Na rasa yadda zan yi. In na ba ta, ina tsoron abin da ke cikinta. In na zubar, ina tsoron na zubar da waraka da alherin mutane. Sai na yanke shawarar in fara gwada su a kaina.

Hadiza ta sha ƙwayoyinta ta warke. Ni na kwanta. Ita da tsohon cikinta take cika mini buta, masu dubiya kuma suka dawo da sababbin kwanoni.

Yanzu na san addu'a da kunu su ne rabon mai dubiya, magani kuwa na wanda ya karanta shi ne. Duk da haka, in za mu duba mara lafiya, sai in ji sabara tana yi mini motsi a baki. Kada fa in yi shiru Allah ya tambaye ni. Hadiza takan tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, ka ce Allah shi ba da lahiya, mu tahi gida."