Tabarmar Inna da Jirgin Masu Fim

Kawuna ya yi gadi a filin jirgin Yamai, don haka a ƙauyenmu kusa da Matankari duk abin da ke tashi sama, in ban da fara, shi ake tambaya. Da aka ce masu ɗaukar fim za su zo da jirgi mai saukar ungulu su ɗauki duwatsu da gonakin hatsi daga sama, shi ya naɗa kansa sarkin tarba.

Ya ce baƙo ba ya sauka a kan ƙasa tsirara. Aka share filin bayan lakwal, wato makarantar boko, aka bi gida-gida aron tabarmi. Inna, mahaifiyata kuma ƙanwarsa, tana da guda da uwarsu ta saƙa kafin ta rasu, ko mu ƴaƴanta ba ta bari mu taka. Ta hana, ya nace.

"Mi za ya same ta? Ni na san jirage. A hankali suka sauka, kamar kaza bisa ƙwai."

Ta ba shi don kunyarsa, tunda wanta ne. Ya shimfiɗa ta a tsakiya, wurin babban baƙo.

Jirgin bai ma taɓa ƙasa ba tabarmi suka tashi. Kawu ya bi hularsa, dattawa suka bi rigunansu, matuƙin yana ta yi mana hannu mu kauce, mu kuma muna mayar masa da gaisuwa. Mai kyamara na zaune a bakin ƙofa ɗaure da igiya, bai daina ɗauka ba. Na yi dariya har na zauna, sai da na hango tabarmar Inna a kan ƙaya, ta rabe biyu. Nan dariyar ta ƙare, tausayin Inna ya kama ni.

Da la'asar tana ɗinki da kaba, Kawu ya shigo yana sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri. Ran kasuwar Dogon Dutsi in sawo miki sabuwa, wadda ta hi wagga."

Ba ta ɗaga kai ba. "To, Yaya. In ka iske wadda ta saƙa ta a kasuwar, ka gaishe min ita."

Kawu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya riƙe mata ɗayan bakin tabarmar.