Takardar da Chencho Bai Miƙa Ba

Tiburcio mai aski ne ya fara ba ni labarin nan, kuma shi ƙanin matar Chencho ne, ya ga takardar da idonsa.

Chencho mai fenti ne a ƙauyenmu. Tun Don Baldomero yana neman ciyaman, Chencho ke rubuta sunansa a katangun mutane. Ya zama ɗan majalisa, Chencho ya rubuta. Da ya fito neman gwamna, Chencho ya roƙi katangar Doña Genoveva, wadda ta riƙe ɗansa ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna kompadre da komadre, ya zana baƙaƙe masu tsayin mutum: RUWA GA KOWA.

Lokacin matanmu da jakuna suke zuwa rafi, tafiyar awa biyu.

Shekara uku da cin zaɓe aka ji gwamna zai zo buɗe kasuwa a garin gaba. Ƙauye ya haɗu aka rubuta takardar neman famfo, gida sittin da uku suka dangwala yatsa. Genoveva ta cusa wa Chencho ita a aljihun riga.

"Kompadre, kai ya sani. Hannu da hannu fa."

Ya tafi. Can cikin taro, ganguna na tashi, sai gwamna ya hango shi.

"Wa nake gani? Chencho! Ku matsa masa, wannan ne ya rubuta ni tun ban zama kowa ba!"

Ya rungume shi, aka ɗauki hoto, aka zaunar da shi teburin manya, aka zuba masa naman akuya. Chencho ya taɓa aljihu sau uku. Kunya ta hana shi. Mutum ya ɗaga ka gaban jama'a haka, ka kuma fito masa da roƙo? Ya ce a ransa bari a gama ci. Aka gama, motoci suka tashi.

A bakin ƙauye Genoveva na jira.

"Ka ba shi?"

"Na ba shi, komadre."

"Me ya ce?"

"Ya ce... za a duba."

"To, Allah ya sa ba da gilashin makaho zai duba ba."

Wa'adin gwamna na shekara shida ya cika, ruwa bai zo ba. Yara suka riƙa jifan sunansa da ke katangu da taɓo, mata na tsine wa Baldomero a hanyar rafi. Chencho yana ji, sai ya sunkuyar da hula. Har Baldomero ya rasu, Genoveva ma ta bi, bai buɗe baki ba.

Ciwo ya kwantar da Chencho sannan ya kira Tiburcio, ya sa ya buɗe wani tsohon gwangwanin fenti. Ga takardar nan a naɗe, alamun yatsun duk sun koɗe.

"Idan na miƙe, ranar Litinin zan hau motar babban birni in kai ta. Amma sai na fara biyawa kabarin komadre na faɗa mata."

Asabar aka binne shi. Gwangwanin yana nan ƙarƙashin kujerar askin Tiburcio, da takardar a ciki.